Santana ya taɓa kwana yana kiɗa a Akra, yaran yanzu ba su sani ba

Yawancin yaran da ke tasowa yanzu a Nima da Mamobi da Sabon Zango, unguwanninmu na Akra, in ka ce musu Santana, wato Carlos Santana makaɗin jita ɗan Meziko, abin da zai zo musu a rai shi ne waƙarsa Maria Maria, wasu ma ba ita ba, sai dai waccan ta DJ Khaled da Rihanna ta 2017, Wild Thoughts, wadda aka ɗebo jitar Maria Maria ɗungurungum aka ɗora mata sabuwar murya. Ba laifinsu ba ne, abin da suka tarar ke nan. Amma ni dai abin yana ci min rai wallahi, don mutumin nan ba a 1999 ya fara ba, lokacin da Maria Maria ta fito ya riga ya yi shekara 30 yana fitar da faifai, kuma ba baƙonmu ba ne, ya taka ƙasar nan da ƙafarsa, ya tsaya a Black Star Square bakin teku ya kaɗa wa iyayenmu jita.

Ranar 6 ga Maris 1971 ne, Ghana na cika shekara 14 da samun 'yancin kai, zamanin gwamnatin Busia. Aka shirya wasan da ake ce wa Soul to Soul, aka ciko jirgi da mawaƙan Amurka, su Wilson Pickett, Ike da Tina Turner, Roberta Flack, Staple Singers, Les McCann da Eddie Harris, da yaran nan na Voices of East Harlem, sai kuma ƙungiyar Santana. Aka kwana ana abu ɗaya har gari ya waye. Kawuna ƙanen mahaifiyata yana cikin waɗanda suka je, lokacin yana saurayi yana koyon gyaran rediyo, da ƙafa suka taka daga Nima shi da abokansa, kuma ya sha faɗa min cewa don Wilson Pickett suka je, kowa ma don shi ya je, shi ake ji a rediyo, shi samari ke kwaikwayo. Santana kam ko sunansa ba su sani ba.

Ga yadda yake ba ni labarin, kuma ba ya canza shi: "Ɗana, da suka hau sai muka ga wasu masu gashi buzu-buzu, muka ce waɗannan kuma daga ina aka samo su. Amma da mai konga ya sa hannu a fata sai muka kalli juna, don kiɗan nan mun san shi, bai yi mana baƙo ba ko kaɗan, sai dai an sa masa wuta. Sannan wani siriri mai gashin baki ya rufe ido ya ja waya ɗaya ya ƙi sakinta, ni ina jiran ya buɗe baki ya yi waƙa, ashe waƙar ke nan yake yi." Nakan ce masa Kawu to Wilson Pickett ɗin fa, sai ya ce ai Pickett ya yi abin da muka je gani, amma wancan shi ya ba mu abin da muka koma gida da shi.

An ɗauki wasan a fim kuma yana nan a intanet, duk mai data ya nema ya gani da idonsa. Za ka ga wani dattijo-dattijo a kan ƙananan gangunan ƙarfen nan da ake ce wa timbale, wannan Willie Bobo ne, babban makaɗi ɗan New York, shi ya riƙe wa José Chepito Areas wurinsa don rashin lafiya mai tsanani ta kwantar da Chepito gab da tafiyar. Sun yi Jungle Strut, sun yi Black Magic Woman haɗe da Gypsy Queen. Ni abin da nake kallo a fim ɗin ba ma dandamalin ba ne, fuskokin 'yan kallo nake bi, ina neman ko zan ga wani da na sani.

An haifi Carlos Santana ranar 20 ga Yuli 1947 a wani gari Autlán de Navarro, jihar Jalisco ta ƙasar Meziko. Babansa makaɗin goge ne irin na Turawa, yana cikin masu kiɗan mariachi, wani kiɗan gargajiya na Meziko, kuma gogen ya fara koya wa yaron tun yana shekara biyar kafin ya koma jita. Suka ƙaura zuwa Tijuana a bakin iyakar Amurka, inda ya riƙa kiɗa a gidajen rawa tun bai gama girma ba, daga nan sai San Francisco a farkon shekarun 1960, inda har wankin kwanuka ya yi a gidan abinci. Su B.B. King da John Lee Hooker ya sha a kunne, shi ya sa ƙungiyarsa ta farko a 1966 sunanta Santana Blues Band. To amma gogen nan bai bar hannunsa ba har yau. Mai jita yawanci tsinkar waya yake, ƙarar ta fito ta mutu, shi kuwa Carlos sai ya kama sauti ɗaya ya ja shi ya yi ta ja kamar yadda mai goge ke jan izga a kan tsirkiya ba ya ɗagawa, yana ɗan karkaɗa yatsa, yana tsayawa daidai inda sifika za ta mayar masa da ƙarar cikin jitar don kada ta mutu. Da wannan ake gane shi. Ko a trotro kake, motar haya ta Akra, cikin hayaniyar shataletalen Circle aka sa shi a rediyo, sauti uku ya isa ka ce wannan Santana ne.

Duniya ta san su ne a Woodstock, wani babban bikin kiɗa a Amurka, ranar Asabar 16 ga Agusta 1969, kuma abin mamakin shi ne a ranar ba su da faifai ko ɗaya a kasuwa, albam ɗinsu na farko sai bayan wasan ya fito. Bill Graham mai gidan wasan Fillmore a San Francisco shi ya matsa aka sa su. Duk wanda bai taɓa kallon Soul Sacrifice ta ranar ba to bai ga Santana ba. Da tafi da konga ake farawa, bes ya shigo, ogan ya shigo, sai jita, can tsakiya kowa ya ja baya aka bar wa Michael Shrieve fili, yaro ɗan shekara 20, ya yi ta zuba ganga shi kaɗai yana murmushi, sannan duk suka dawo lokaci guda. Shi Carlos da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya sha ƙwaya a ranar, har yana ganin wuyan jitar na motsi a hannunsa, kuma ina faɗar wannan ne don ba na son a ɗauka ina wanke shi. Abin da ƙwaya ke yi wa yaranmu a unguwannin nan muna gani kullum, kuma ƙungiyar tasa ma ƙwayar na cikin abin da ya tarwatsa ta bayan shekara biyu-uku. Kiɗan ya yi kyau ne don sun yi shekaru suna gwaji tare, ba don abin da ya haɗiya ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda muke yawan gardama a kanta da wani abokina wajen shan shayin ataya. Shi cewa yake Santana ba mawaƙi ba ne, ɗan ɗauke-ɗauke ne, waƙoƙin mutane yake kwasowa. Kuma in ka bi lissafi sai ka ga kamar yana da gaskiya. Jingo da ke albam na farko ta Babatunde Olatunji ce, makaɗin Najeriya, daga faifansa Drums of Passion. Evil Ways wani Sonny Henry ya rubuta, Willie Bobo ya riga su yin ta. Black Magic Woman ta Peter Green ce na Fleetwood Mac, 1968. Gypsy Queen ta Gábor Szabó ɗan Hungary. Oye Como Va ta Tito Puente. She's Not There da suka yi a 1977 ta Zombies ce 'yan Ingila. Sannan muryar da kake ji a Evil Ways da Black Magic Woman ba ta Carlos ba ce, Gregg Rolie ne mai ogan. To ina nasa, in ji abokina.

Ni amsata ita ce ka je ka saurari na asalin tukuna sannan ka dawo. Ɗauki Oye Como Va. Ta Tito Puente kiɗan rawa ne na manyan ƙungiyoyin Latin, da sarewa da ƙahonni da fiyano, mai kyau ce ƙwarai babu wanda ya ce ba ta da kyau. Santana suka zo suka cire fiyano suka sa ogan mai kauri, inda sarewa ke bi suka ba jita, suka bar kalmomin yadda suke, layi biyu ne kacal na Sifaniyanci ana maimaitawa, kuma duk waƙar a kan maɗauri biyu, wato haɗin sauti iri biyu, take tafiya, ka je ka dawo, ka je ka dawo. A cikin wannan ɗan ƙaramin fili Carlos ya gina magana mai farko da tsakiya da ƙarshe, wadda ko yaro zai iya bi da baki, kuma yau mutane da yawa in suna rera Oye Como Va layin jitar suke rerawa ba su sani ba. Haka Black Magic Woman, ta Peter Green bulus ce ta Turawan Ingila, su kuma suka shimfiɗa mata konga da timbale a ƙasa, suka ɗinka mata Gypsy Queen a wutsiya inda gudu ke ƙaruwa, ta zama wani abu daban. Wannan shi ma tsara waƙa ne. Ba dole sai ka zauna da biro ka rubuta baiti ba, sanin abin da za a cire da abin da za a bari da wanda za a ba wane wuri, da kuma layin da jita za ta faɗa, aiki ne, kuma shi ne aikinsa.

Inda na yarda da abokina wuri ɗaya ne, maganar haƙƙi. A bugun farko na albam ɗin 1969 ba sunan Olatunji aka rubuta a ƙarƙashin Jingo ba, sai daga baya aka gyara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sunan da ke jikin faifai shi ke cin kuɗin. Mu 'yan Afirka an daɗe ana yi mana haka, a ɗauki kiɗanmu a ce na gargajiya ne ba mai shi. Amma a bayan nan ka duba takardun albam ɗinsa za ka ga sunayen. Africa Bamba da ke cikin albam ɗinsa Supernatural na 1999 da sunan 'yan gidan Touré Kunda na Senegal a jiki. Adouma da ta buɗe albam ɗin Shaman na 2002 ta Angélique Kidjo ce ta Benin, kuma an rubuta. Tito Puente ma ya ci moriyar Oye Como Va har ƙarshen ransa. Shi Carlos kuma bai taɓa ɓoye cewa tushen abin da yake kaɗawa daga Afirka yake ba, ya sha faɗa.

Sannan ai yana da nasa na kansa, sai dai ba su da kalmomi shi ya sa mutane ba sa lissafa su. Samba Pa Ti tasa ce, tana cikin Abraxas na 1970, albam ɗin da ni a wurina in aka ce in ɗauki ɗaya shi zan ɗauka. Kawu yana da faifan, na asali, baƙin nan mai faɗi, kuma tunda na buɗe ido ban taɓa ganin sa cikin kwalinsa ba, a cikin wata takardar siminti da aka naɗe aka manne da salatif yake, an rubuta Santana 2 da jan biro. Sai da na girma na gane dalili, hoton kwalin zanen wani Mati Klarwein ne kuma akwai mace ba tufafi a jiki, kakanmu kuwa malami ne mai almajirai a zaure, Kawu ya san in aka gani faifan da garmahon duk waje za su yi, sai ya yaga kwalin ya ajiye abin da ke ciki. Ranar Lahadi da hantsi in ya rufe shago rabi, sai ya goge faifan da gefen rigarsa, ya hura allurar, ya sa. Samba Pa Ti a hankali take farawa, jita ita kaɗai da ogan can ƙasa-ƙasa, tana faɗin jimla ta tsaya ta numfasa ta sake faɗa, sai wajen rabi konga ta ɗan ɗaga, tafiyar ta canza ta zama ta murna, kuma ba a gama ta da ƙarfi, a hankali ake janye ta yana kan kiɗa. Akwai wani wuri da faifan Kawu ya karce, allura takan yi tsalle, har yau in ina jin ta a waya kunnena na jiran tsallen nan.

Na san a cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam saboda addini, kuma ina girmama su, kakan nan namu har ya rasu bai saurara ba. Ni dai ina ba da labarin abin da na taso na tarar ne a ɗakin Kawu.

Abraxas ya hau lamba ɗaya a Amurka, na ukun ma da ya fito a 1971 ya hau, lokacin an ƙaro wani yaro mai jita Neal Schon wanda bai kai shekara 18 ba. Ga kuɗi ga suna, abin da kowa zai yi shi ne ya ci gaba da buga irin wannan har kasuwa ta gaji. Sai Carlos da Shrieve suka juya wajen jaz, suna sauraron Miles Davis da John Coltrane, suka fitar da Caravanserai a 1972, mai hoton ayarin raƙuma da ƙatuwar rana a kwali. Da kukan gyare ake buɗe albam ɗin, sai saksofon shi kaɗai, kuma ka daɗe kana saurare kafin ka ji muryar mutum, yawancinsa kiɗa ne zalla, waƙa na shiga cikin waƙa ba tsayawa. Clive Davis shugaban kamfanin Columbia na lokacin ya gaya musu cewa wannan kashe kai ne a kasuwa. Rolie da Schon suka fita suka kafa ƙungiyar Journey a 1973. Ni kuwa a nan ne nake ganin girman mutumin. Song of the Wind da ke ciki, minti shida na jita biyu suna miƙa wa juna magana, ba na jin ya taɓa yin abin da ya fi ta tsabta. Daga nan ya shiga harkar wani malamin Indiya Sri Chinmoy, ya aske gashi ya koma farin kaya, ya yi Love Devotion Surrender da John McLaughlin a 1973, ya yi Illuminations da Alice Coltrane a 1974. Waɗannan biyun gaskiya sai mai haƙuri, ba na ba wa sabon shiga su.

A daidai wannan lokacin namu ma suna can Landan suna irin wannan haɗin ta tasu hanyar. Osibisa, da Teddy Osei ɗan Kumasi da ƙanensa Mac Tontoh da Sol Amarfio suka kafa a 1969 tare da wasu 'yan Karibiyan, albam ɗinsu na farko mai hoton giwa mai fukafukai a 1971 ya fito, shekarar Soul to Soul. Mutane na son cewa wane ya kwaikwayi wane, ni ban ga haka ba, ruwa ɗaya suka ɗiba, su daga hailaif suka taho shi daga Latin da bulus. Kawu ya ce bayan wasan nan duk wani yaro mai jita a Akra sai da ya koyi Black Magic Woman, ƙungiyoyi suka riƙa ƙara konga a gaba, masu gyaran rediyo irinsu suka samu aiki don kowa na son amfilifayarsa ta yi kukan nan. Abin da ya kashe wannan duka mun sani, tattalin arziki ya rushe a ƙarshen shekarun 1970, sannan dokar hana fita da dare ta farkon shekarun 1980 ta yi sama da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka watse Jamus da Najeriya da Ingila, waɗanda suka rage da yawa suka koma kiɗa a coci. Da aka dawo sai aka dawo da kibod da kwamfuta, mutum ɗaya ya yi aikin mutum takwas. Teddy Osei ya rasu a Janairun 2025, kuma na lura yara da yawa a unguwa ba su ma san wanda aka rasa ba.

Shekarun da suka biyo baya ba zan daɗe a kansu ba. Amigos na 1976 yana da Europa, wadda ya tsara da mai kibod ɗinsa Tom Coster, ita ce ƙanwar Samba Pa Ti kuma a wasan kai tsaye ta fi ta ma. Moonflower na 1977 rabi situdiyo rabi dandamali, yana da kyau sosai. Na shekarun 1980 irin su Zebop da Shangó akwai abin ji jefi-jefi, amma ana jin yana bin rediyo ne ba rediyo ke bin sa ba. Grammy ɗinsa ta farko, wato babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, sai da Blues for Salvador na 1987 ya samu. Bayan Milagro na 1992 sai shiru, shekara bakwai ƙungiyar ba ta fitar da sabon albam na situdiyo ba, ana yawon wasa dai ana cika fili, amma kamfanoni sun ɗauka ya ƙare.

Sai ga Clive Davis ɗin nan dai, lokacin yana kamfanin Arista, ya ɗauke shi, suka yi Supernatural a 1999. Dabarar ita ce a haɗa tsoho da yaran da ke tashe, Rob Thomas, Lauryn Hill, Wyclef Jean, Dave Matthews, Everlast, Maná, da tsaransa ɗaya Eric Clapton. Waƙar Smooth ta ciki ta yi sati 12 a lamba ɗaya a Amurka, Maria Maria ta yi sati 10, albam ɗin ya sayar da kwafi miliyan 15 a Amurka kaɗai, kuma a daren Grammy na Fabrairun 2000 ya kwashi takwas, ya kamo tarihin Michael Jackson, yana da shekara 52. Na yi masa murna har zuciyata, don mutumin da ya yi wannan wahala ya cancanci ya ga haka da ransa. Kasetin ya zaga Zango, masu aski da masu ɗinki da direbobin tasi duk suna da shi. Amma in za a faɗi gaskiya, a waƙoƙi da yawa na ciki Carlos baƙo ne a gidansa, mawaƙi na waƙa shi yana cike gurbi tsakanin layi da layi. Inda nake jin sa sosai shi ne Yaleo da ta buɗe albam ɗin da kuma Africa Bamba, inda ƙungiyar ce ke aiki ba sunan baƙo ba. Kuma da dabarar ta ci sai aka yi ta maimaita ta, Shaman a 2002, All That I Am a 2005, har aka kai ga Guitar Heaven na 2010 inda ya sake tsofaffin waƙoƙin rok na wasu, wannan kam bai ƙara musu komai ba, a nan maganar abokina ta zauna daram.

Shi ya sa Africa Speaks na 2019 ya faranta min rai fiye da yadda zan iya faɗa. Tsoho ɗan shekara 71 ya shiga situdiyon Rick Rubin, shahararren mai shirya faifai, da ƙungiyarsa gaba ɗaya, suka ɗauki waƙa 49 cikin kwana 10, yawanci a tashi ɗaya kowa na kiɗa lokaci guda, aka zaɓi 11. Ba tarin taurari, murya ɗaya ce ta riƙe kusan duka, Buika, 'yar Sifaniya wadda iyayenta 'yan Equatorial Guinea ne, muryarta a dishe take tana fashewa in ta ɗaga, ga matarsa Cindy Blackman a kan ganguna, ita kuma ba wai don matarsa ce aka ba ta ba, ta yi shekaru tana yi wa Lenny Kravitz kiɗa kafin su yi aure a 2010, hannunta nauyi gare shi. Jitar a nan da datti take, da fushi, ba a goge ta don rediyo ba. Ba kowace waƙa ce ta zauna ba, wasu sun yi tsawo, amma wannan shi ne mutumin da Kawu ya gani a 1971. Na kai masa a waya na sa masa abin kunne, ya saurari biyu ya cire ya ce, "To, ya dawo gida."

Har yanzu yana hawa dandamali. Tun 2012 yake da zaunannen wasa a House of Blues na Las Vegas, ban da yawon ƙasashe. A Yulin 2022 ya faɗi ana tsakiyar wasa a jihar Michigan saboda zafi da ƙarancin ruwa a jiki, hankalina ya tashi da na ga labarin, amma ya warke ya koma. In ka kalli wasanninsa na yanzu za ka ga yakan zauna a kan kujera wani lokaci, yatsun ba su da gudun da, kuma yana da yawan wa'azi tsakanin waƙoƙi kan haske da mala'iku da zaman lafiya wanda ni ba duka nake bi ba. Abin da bai canza ba shi ne tsarin, makaɗan fata a baya kowa da lokacinsa, ba a danna kwamfuta a bi, kuma ba ya kaɗa Europa iri ɗaya sau biyu, yau ya ja nan gobe ya ja can, wani lokaci ya sako wani ɗan layi na waƙar wani a tsakiya ya wuce.

Wanda ke son ya ji iyakar abin da ƙungiyar nan ke iya yi a gaban mutane, albam ɗin Lotus zai nema. A Osaka ta Japan aka ɗauka a Yulin 1973, ya fito a 1974 faifai uku a kwali ɗaya, wajen awa biyu, kuma da farko a Japan kaɗai aka sayar, Amurkawa ma sai a 1991 aka fitar musu da shi a CD. Ƙungiyar zamanin Caravanserai da albam ɗin Welcome na 1973 ce, da mawaƙi Leon Thomas da Armando Peraza tsohon makaɗin konga ɗan Kyuba da Tom Coster da Shrieve, kuma Incident at Neshabur da ke minti biyar a Abraxas a nan ta haura kwata ɗin awa, ta tashi ta kwanta ta sake tashi. Ba albam ɗin da za ka sa kana hira ba ne, sai dare in an ɗauke hayaniya. Yana intanet, amma ni faifan nake nema, na tambayi masu tsofaffin kaya a kasuwar Kantamanto ba su da shi, an ce min akwai wani dattijo a wajen Aboabo a Kumasi da ya tara faifai tun zamanin da yake zuwa Jamus, in na je bikin 'yar yayata bayan Sallah zan bi ta wurinsa in ji ko zai sayar.